Darasi na 14: Direba da Waya a Hannu

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abubuwa uku da waya ke ƙwace wa direba;
2. lissafa nisan da mota ke ci a 'yan daƙiƙun da direba ya sauke ido daga hanya;
3. faɗin abin da doka ta tanada kan tuƙi da waya;
4. yi wa direba magana cikin ladabi har ya ajiye wayar, da sanin abin yi idan ya ƙi.

Karatu: Ranar kasuwar Wudil

Wannan misali ne da aka shirya domin aji, amma duk mai hawa motar haya ya taɓa ganin irinsa.

Wata Juma'a da hantsi, bas ta cika a wata tasha a Kano, za ta Azare. Fasinja goma sha takwas, buhuna a but, kaji biyu a ƙarƙashin kujera. Aka yi addu'ar tafiya, ɗan kamasho ya buga bayan mota, direba ya ja.

Ba su gama fita gari ba wayar direba ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, yana magana yana sauya giya. Ya gama, ta sake ƙara. Da ya gama na biyu sai ya ɗora ta a kan sitiyari yana latsawa da babban yatsa. Motar ta ɗan karkata zuwa gefen kwalta, ya fizgo ta. Fasinjoji suka kalli juna. Babu wanda ya tanka.

Wata dattijuwa da ke zaune a bayansa ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka yi haƙuri da maganar tsohuwa. Jikokina uku ni suke jira a Azare. Ba wa malamin nan na kusa da kai wayar ya riƙe maka."

Direba ya ce, "Haba Hajiya, shekarata goma sha biyu a kan hanyar nan. Babu ramin da ban sani ba."

Ta ce, "Rami ka san shi, ɗana, domin ba ya motsi. Yaron da zai tsallako fa, ya gaya maka lokacin fitowarsa?"

Mutumin da ke kujerar gaba ya miƙa hannu ya ce, "Gaskiya Hajiya ta faɗa, malam direba. Kawo, duk wanda ya kira sai in ce kana tuƙi." Daga can baya wani ya ce, "Wallahi tun ɗazu nake son in yi magana."

Direba ya yi shiru, sannan ya miƙa wayar.

Da suka iso Wudil, kasuwa ta ci. Shanu, babura, masu talla, kowa na neman hanya. Wani maraƙi ya kuɓuce wa mai shi ya faɗo titi, yaron da ke kora shi na biye. Direba ya taka birki, hannunsa biyu na kan sitiyari, motar ta tsaya. Da suka isa Azare, shi da kansa ya sauke wa dattijuwar kayanta, ya ce, "Na gode, Hajiya. A gaida jikoki."

Abubuwa uku da waya ke ƙwacewa

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta kuwa sauƙaƙa wa direbobi sana'a. Da ita ake samun shata, da ita ake sanar da mai mota in taya ta fashe, da ita iyali ke sanin an sauka lafiya. Amfaninta ba a ɓoye yake ba. Matsalar lokacin da ake taɓa ta ne. Tuƙi yana buƙatar abu uku a tare, waya kuwa tana ƙwace dukkansu.

Na farko ido. Mai duba sunan wanda ya kira, ko karanta saƙo a WhatsApp, ko duba alat, ya ɗauke idonsa daga hanya.

Na biyu hannu. Mai riƙe da waya hannu ɗaya ya rage masa. Da wannan hannu zai juya sitiyari, ya sauya giya, ya ba da sigina, ya danna hon. Idan taya ta fashe a kan gudu, hannu ɗaya ba ya riƙe mota.

Na uku hankali, kuma shi ne mafi wuyar ganewa. Mutum kan buɗe ido yana kallon hanya alhali zuciyarsa tana wurin bashin da ake tambayarsa a waya. A shekarar 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon wasu matasa na jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri, har ya tsaya ya bugi ƙirji. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Idonsu yana kan hoton, amma hankalinsu yana wurin ƙirga. Haka direba mai waya zai kalli yaro a bakin titi bai gan shi ba. Hausawa sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, ai direba yana hira da fasinja ma. Akwai bambanci. Fasinja yana ganin hanyar da direba ke gani. In tirela ta ɓullo a kwana, shi ma yakan yi shiru, wani lokaci ma shi ke cewa "a kula". Wanda ke waya daga gida ko daga kasuwa bai san me ke gaban motar ba, maganarsa kawai yake ci gaba da yi.

Mu yi lissafi

Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 100,000 a daƙiƙa 3,600. In aka raba, kusan mita 28 ke nan a kowace daƙiƙa.

Karanta gajeren saƙo yakan ɗauki kamar daƙiƙa biyar. Mita 28 sau 5 ya ba da mita 140. Tsawon babban filin ƙwallo kimanin mita 105 ne. Ashe direban ya tuƙa mutane fiye da tsawon filin ƙwallo bai kalli gabansa ba.

A cikin gari, inda doka ta taƙaita gudu zuwa kilomita 50 a awa, mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Leƙen waya na daƙiƙa biyu mita 28 ne. A cikin wannan tazara akwai ƙofar makaranta, akwai mai kurar ruwa, akwai tsoho mai sanda. A tuna kuma mota ba ta tsayawa a inda aka taka birki. Sai direba ya gani, ya gane, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka, sannan motar ta ja tazara kafin ta tsaya. Duk daƙiƙar da waya ta ci, daga wannan ɗan lokaci aka cire ta.

Abin da bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. In aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen. Dalilai suna da yawa: gudun wuce kima, lalacewar hanya, tsofaffin tayoyi, lodin da ya wuce ƙa'ida, gajiya da shaye-shaye. Waya ta zo ta ƙaru a kansu. Hukumar ta ce direba mai amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sanya abin sauraro a kunne ko ɗaga murya ta sifika ba ya rage haɗarin sosai, domin hankali ya riga ya rabu.

Tun a 1997 aka fara ganin wannan adadi, lokacin da wasu masu bincike biyu a Toronto ta Kanada suka duba bayanan kiran direbobi 699 da suka yi haɗari, suka gano cewa lokacin kira haɗarin ya ninka kusan sau huɗu. Wata cibiyar binciken sufuri ta Jami'ar Virginia Tech a Amurka kuma ta sanya kyamarori a cikin manyan motoci. A 2009 ta bayyana cewa direban babbar mota mai rubuta saƙo ya fi kusantar haɗari da ninki 23. Rubuta saƙo shi ne mafi muni, domin yana haɗa ido da hannu da hankali gaba ɗaya.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda jama'a ke kira 'yan rod sefti, an kafa ta a 1988. Amfani da waya lokacin tuƙi laifi ne a jerin laifuffukan da take hukuntawa. Tarar da aka daɗe da sani a kansa naira 4,000 ce, tare da maki huɗu na laifi a kan lasisi. A watan Yulin 2017 hukumar ta fara tura masu aikata wasu manyan laifuffukan hanya, ciki har da wannan, asibiti domin a duba lafiyar hankalinsu. Lambarta ta kiran gaggawa ita ce 122, kuma kyauta ce. Jihohi ma suna da nasu jami'an hanya, kamar KAROTA a Kano.

Wasu ƙasashe sun fi tsanantawa. Birtaniya ta haramta riƙe waya a tuƙi tun 2003, a 2017 ta ɗaga hukuncin zuwa fam 200 da maki shida, wanda ya isa a ƙwace lasisin sabon direba. Faransa kuwa tun 2015 ta hana direba sanya abin sauraro a kunne.

Sai dai jami'i yana tsaye ne a wuri ɗaya. Direba ya hango shi zai sauke waya, ya wuce ya ɗauka. Daga Kano zuwa Maiduguri, ko daga Maraɗi zuwa Damagaram, wanda ke tare da direba daga farko har ƙarshe fasinja ne. Shi ya sa nauyin ya dawo kanmu.

Me ke hana mu magana?

Mu koma cikin bas ɗin nan. Mutum goma sha takwas sun ga motar ta karkata, mutum ɗaya ce ta fara magana. Sauran me ya rufe musu baki?

Akwai kunya da kara. An rene mu da cewa ba a kunyata mutum a gaban jama'a, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma kara ba ta kai a biya ta da rai ba, kuma ana iya gyara mutum ba tare da an ci masa fuska ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai jiran wani. Kowa yana cewa a ransa bari wani ya fara. Abin da aka saba gani shi ne, da mutum ɗaya ya buɗe baki sai biyu ko uku su mara masa baya, domin tsoron da ke ransa yana ransu.

Akwai tsoron amsar direba: "In kin iya, zo ki karɓa," ko "In ba ka so, sauka." Wannan amsa takan zo ne in an fara masa da faɗa.

Akwai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Rai da ajali a hannun Allah suke, babu musu. Amma direban nan da safe ya duba mai, ya duba ruwa, ya buga tayoyinsa, ya ɗaure kaya da igiya. Bai bar birki a lalace ya ce sai kwana ya ƙare ba. Malamai suna koya mana cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da riƙon sababi. Ajiye waya yana cikin sababin. Rayukan da ke cikin mota kuma amana ce a wuyan direba.

Yadda ake yi wa direba magana

*Fara tun a tasha.* Kafin mota ta tashi, na kujerar gaba yana iya cewa, "Malam direba, in an kira ka ni zan amsa maka." Maganar da aka yi kafin laifi ba ta da ɗaci.

*Kira shi da sunan girma.* Babba ya ce "ɗana" ko "ƙanena". Sa'a ya ce "malam direba" ko "ɗan'uwa". Yaro ya ce "Baba" ko "Yallaɓai". A haɗa da addu'a.

*Faɗi damuwarka, kada ka zagi iyawarsa.* "Hankalina ba ya kwanciya in ana waya ana gudu" ya fi "Kai ba ka iya tuƙi ba". Direba yana alfahari da sana'arsa, in ka taɓa nan ka rufe ƙofar magana.

*Ba shi mafita.* Ko a amsa masa, ko yaron mota ya riƙe wayar, ko a ce, "In kiran na da muhimmanci ka faka, za mu jira." Minti biyu a gefen hanya ba ya ɓata tafiya.

*Mara wa wanda ya fara baya.* In wani ya riga ka, kada ka bar shi shi kaɗai. "Gaskiya ne" ma ta isa.

*Kada ka sa hannu.* Ba a fizge waya, ba a taɓa sitiyari, ba a yi wa direba ihu yana kan gudu. Yin haka na iya jawo haɗarin da ake gudu.

A cikin gida maganar ta fi nauyi, domin mai tuƙin miji ne ko uba ko yaya. Nan ma hanyar ɗaya ce. Mace ta ce, "Maigida, kawo in amsa maka." Ɗa ya ce, "Baba, bari in karanta maka saƙon." Hidima ce aka yi masa, kuma hannunsa ya koma kan sitiyari.

In ya ƙi ji

Ka nemi ya sauke ka, amma a wurin da ke da jama'a: gari na gaba, tasha, gidan mai ko shingen jami'ai. Kada a sauka a daji ko cikin dare a wurin da babu kowa. Asarar kuɗin mota ana mayar da ita.

Ka rubuta lambar motar da lokaci da wuri. Ka kai wa shugabannin ƙungiyar direbobi a tashar da ya yi lodi, ko ofishin kamfanin in motar kamfani ce. Sun san direbobinsu, suna kuma iya hana mutum lodi. In tuƙin ya zama barazana ga rayuka, a kira 122.

In kuwa kai ma tuƙi kake ka lura da motar gabanka tana kai-kawo tsakanin layi, ko tana rage gudu tana ƙarawa ba dalili, ko danja ta ba da hannu mai ita kansa na sunkuye, to ka ba shi tazara. Kada ka bi shi da gudu don ka yi masa faɗa. Mai tafiya a ƙasa kuma kada ya tsallaka sai ya tabbata direba ya ɗago ya gan shi.

Mu da ke kira

Kowace waya tana da kai biyu. Sau da yawa mu ne a ɗaya kan. Mun ba direba saƙo a tasha, muna kiransa kowane rabin awa: "Ka iso ina?" Mun hau A Daidaita Sahu, mun yi tiransifa, muna cewa "duba alat" yana tsakiyar shataletale. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wannan ya zama ruwan dare. Mai mota yana kiran direbansa, in bai ɗauka ba ya yi fushi.

Gyaran yana da sauƙi. In ka kira ka ji ƙarar inji da iska, ka tambaya, "Tuƙi kake?" In ya ce e, ka ce, "In ka tsaya ka kira ni," ka kashe. In ka ba da saƙo, karɓi lambar yaron mota. Biya kuɗin keke ko acaɓa bayan an tsaya. In kana da direba, ka gaya masa da bakinka cewa rashin ɗaukar kiranka a kan hanya ba laifi ba ne.

In kai ne direban

Yi kiranka kafin ka tayar da mota. Gaya wa iyali lokacin da kake sa ran sauka. Kashe ƙarar wayar ka sa ta inda hannu ba ya kaiwa. In kana bin taswirar waya, saita ta kana tsaye, ka kafa ta a mariƙi. In kira ya zama dole, ba da sigina, sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da gada. Mai babur ya sani cewa cusa waya a cikin hula ba ya mayar masa da hankalinsa. In fasinja ya yi maka magana kuma, kada ka ɗauke ta raini. Mutumin da ya shiga motarka bai san ka ba, ya miƙa maka ransa, yana da haƙƙin ya roƙe ka ka kula da shi.

Kalmomi

- *Tara:* kuɗin da ake biya saboda karya doka.
- *Makin laifi:* lambar da ake rubuta wa direba a kan lasisinsa. In ta taru ana iya dakatar da lasisin.
- *Tazara:* nisan da ke tsakanin abu biyu.
- *Ninki:* maimaita adadi. Ninki huɗu na 5 shi ne 20.
- *Sababi:* matakin da mutum ke ɗauka domin a sami abu ko a kauce masa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku waya ke ƙwace wa direba? Kawo misali ɗaya ga kowanne.
2. Me ya bambanta hira da fasinja da hira a waya?
3. Me dattijuwar ta faɗa wanda ya sa direba bai ji an ci masa fuska ba?
4. Wace lamba ake kira domin samun jami'an kiyaye haɗurra?

Lissafi

1. Bas mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa. Direba ya kalli waya na daƙiƙa 4. Mita nawa ya tafi bai ga hanya ba?
2. Keke mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa. Duba alat ya ɗauki daƙiƙa 3. Auna wannan nisa da taku a filin makaranta.

Aikin aji

A jera kujeru kamar na bas. Ɗaya ya zama direba mai waya, sauran fasinjoji. A gwada sau uku: dattijo ne ya fara magana, budurwa ce ta fara, sannan matar direban ce ta fara. A tattauna kalmomin da suka fi shiga.

Aikin gida

Rubuta jimla biyu da za ka faɗa wa direba in ka gan shi da waya. Karanta wa mutanen gidanku. A mako mai zuwa kowa ya zo da labarin inda ya faɗe su, da amsar da aka ba shi.